Jitar Agadas Da Ta Bi Ta Sakkwato

Yau hirar ta kiɗa ce, kuma sai mun leƙa Amurka kafin mu dawo gida.

A shekarun 1960 samarin Amurka sun yi yayin salon kiɗan jita guda biyu. Ɗaya sunansa surf, na masu wasa da igiyar teku a Kalifoniya. Jagoransa Dick Dale ne, jinin Labanan ta wajen uba, shi ya sa "Misirlou" ɗin da ya fitar a 1962 ke ƙamshin kiɗan Larabawa. Na biyun ana ce masa garej, don a garejin motar gidansu yaran ke gwaji: jita mai arha, ganga, ba kwalliya. Aka yi yayi aka wuce. Sai wajen 2001 ƙungiyoyi irin su The Strokes da The White Stripes suka tono garej, The Black Keys suka biyo baya.

To ina ruwanmu? Dan Auerbach, mai jitar The Black Keys, shi ya shirya wa Bombino na Agadas kundinsa "Nomad" a 2013. Ni a ganina ba taimako ya kai shi ba. Ɗanyen sautin da suke ta haƙilon dawo da shi ne ya ji a hannun Buzu.

Su a Agadas ba farfaɗo da shi aka yi ba, don bai taɓa mutuwa ba. Jitar ta yaɗu ne ta kaset, da waƙoƙin su Tinariwen na zamanin tawaye, amma gidan biki ne ya riƙe ta. Ku ɗauki Etran de L'Aïr, 'yan'uwan juna da suka fara a 1995. Jita ɗaya gare su, gangarsu kuwa ƙwarya ce a kife cikin ruwa ana bugunta da takalmi. Iyayenmu mata sun san wannan kiɗan sarai! Sun haura shekara ashirin suna bin biki da suna kafin kamfanin Sahel Sounds ya fitar da kundinsu na farko a 2018.

Labarin Mdou Moctar ya fi taɓa ni. Da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. A 2008 ya zo Sakkwato ya naɗi kundinsa "Anar" a salon situdiyonmu, wato kiɗan na'ura da muryar da kwamfuta ta murɗa, irin na waƙoƙin fim. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya ya saka a wani tarin waƙoƙi a 2011. Bayan shekara goma Mdou ya fitar da "Afrique Victime", yana zagaya Turai da Amurka da jita da ganga ta hannu. Wato wajenmu ya zo neman na'ura, amma da kiɗan hannu duniya ta san shi.

Mu fa? Tun ƙarshen shekarun 1990 fiyano ya mamaye waƙar fim a Kano, mutum ɗaya ya maye gurbin makaɗa biyar. Ba na zagin fiyano, ya ci da matasa da yawa. Amma a da kukumar Garba Supa ce ke cika filin biki a Kano, kuma Ɗanmaraya Jos, da ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga ƙasashe. Yau in ana biki a Utai ko cikin Wudil, abokan ango DJ suke ɗaukowa, da sifika da janareta. Yaron da ya koyi gurmi ko kukuma, a ina zai kaɗa a yi masa liƙi? Takwaransa na Agadas yana da bikin da zai je wannan makon.

Sai mun haɗu a kashi na gaba.