Ciwon Ido Ga Mage: Yadda Ake Gane Shi, Da Yadda Ake Kula Da Mage Marar Gida

Gabatarwa

A Dogon Kiriya da sauran garuruwan Arewa, kamar Matankari, Dankasari, Gesheme da Tibiri, arzikin gida yana cikin rumbu. Gero da wake da manomi ya noma da damina su ne abincin iyali har wata daminar. Ɓera kuwa abokin gabar rumbu ne: yana ci, yana ɓarna, yana kuma ɓata hatsi da kashi da fitsari. Mage, wadda wasu ke kira kyanwa ko mussa, ita ce mai gadin da ba a biyanta. Saboda haka lafiyarta ta shafi cikin mai gida.

Maguna da yawa ba su da mai su. Suna yawo a kasuwa, da mahauta, da bayan gidaje. Ciwon ido yana cikin cututtukan da suka fi damun su, musamman ƙanana. Idan an kula da wuri, yawanci idon yana warkewa. Idan an bari, yana iya mutuwa.

Me ke kawo ciwon?

1. Murar mage. Ita ce babban dalili. Ƙwayoyin cuta iri biyu da ake kira bairos ne suka fi kawo ta. Suna bin atishawa, majina, hawaye da kwanon abinci. Ɗaya daga cikinsu, mai suna hafis, ba ya barin jiki: kusan 8 cikin 10 na magunan da suka kamu suna ɗauke da shi har mutuwa. Yana kwanciya, sai ya tashi idan mage ta sha yunwa, ko ta haihu, ko ta firgita. Ta haka uwa ke sa wa ƴaƴanta.

2. Ƙwayar kilamidiya ta mage. Takan fara da ido ɗaya, bayan ƴan kwanaki ta kama ɗayan. Wannan tana jin magani.

3. Ƙura da ƙaiƙayi. Iskar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tana cika ido da ƙasa. Ƙaiƙayin gero a wurin sussuka da ƙayar ƙarangiya suna maƙalewa a ƙarƙashin fatar ido.

4. Rauni. Muzurai suna faɗa su yakushi juna. Yara ma suna jifa da dutse.

5. Dafin gamsheƙa. Wannan macijin yana tofa dafi cikin ido daga nesa.

Alamomi

- Ido ya yi ja, fatarsa ta kumbura.
- Hawaye, ko kwantsa mai kauri, rawaya ko koriya.
- Mage tana runtse ido, tana gudun rana, tana susa da ƙafa.
- Wata farar fata ta taso daga gefen hanci ta rufe rabin ido. Wannan fata halitta ce, amma ba ta fitowa sosai sai in akwai ciwo.
- Atishawa, majina da ƙin abinci.
- Fari ko gajimare a kan ido. Wannan alamar gyambo ce ko hakiya.

Ƴan maguna suna buɗe ido tsakanin kwana 7 da 14 bayan haihuwa. Idan idon ya kumbura kamar ƙurji alhali bai buɗe ba, to mugunya ce ta taru a ciki. Ba a jinkiri da wannan, domin jaririn yana iya makancewa cikin ƴan kwanaki.

Kafin a taɓa mage marar gida

Lafiyar mutum ita ce gaba. Mage tana iya ɗaukar ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kusan 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Cizon kare ne ya fi kawo shi, amma cizon mage da yakushinta ma suna iya kawowa. Idan alamunsa suka bayyana ga mutum, ba shi da magani.

- Kada a kusanci magen da ke dalalar da miyau, ko tangaɗi, ko cizo ba dalili. A sanar da ma'aikatan kiwo.
- Kada a sa yaro ya kama mage.
- A jawo ta da abinci. A lulluɓe ta da zane mai kauri ko buhu, a bar kai kaɗai a waje.
- Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne.

Yadda ake wanke ido

1. A tafasa rabin litar ruwa. A zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya, shafe, ba tozo ba. A bari ya huce.
2. A wanke hannu da sabulu.
3. A jiƙa auduga ko tsumma mai tsabta wanda aka tafasa. A ɗora a kan ido har kwantsar ta yi laushi.
4. A share a hankali daga wajen hanci zuwa wajen kunne. Kowane ido da audugarsa.
5. Idan fatar idon ta manne, a yi ta jiƙawa har ta rabu da kanta. Kada a ɓamɓare da ƙarfi.
6. A share hanci ma, a sake wanke hannu.

A yi haka sau 3 ko 4 a yini. A haɗa sabon ruwa kowace rana. Idan gamsheƙa ce ta tofa, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta mai yawa nan take, ba sai an jira tafasa ba.

Magani

Malamin dabbobi shi ne zai zaɓi magani. Ana samun ma'aikatan kiwo a Dogondutsi da Tibiri, kuma a ƙauyuka da yawa akwai mataimakan da aka horar, waɗanda ke yi wa shanu da awaki allura. Maganin da aka fi bayarwa shi ne man ido na tetarasikilin, ana matsa kaɗan a cikin fatar ido ta ƙasa. Ga kilamidiya akan ba da ƙwayar dokisikilin har mako 4, ana bin kowace ƙwaya da ruwa. A gama maganin ko da ido ya washe, in ba haka ba ciwon zai dawo.

A gaggauta neman malami idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan: ido ya yi fari, ya turo waje, yana jini, mage ta ƙi abinci kwana 2, ko an kwana 3 ana wankewa ba sauƙi.

Abubuwan da ba a yi

- Kada a ba mage farasitamol. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, domin hantarta ba ta iya narkar da shi.
- Kada a ɗiga maganin idon mutane da aka saya a tebur. Wasu suna da sinadarin rage kumburi wanda ke zurfafa gyambo har ido ya fashe.
- Kada a sa kwalli, toka, ruwan taba, lemun tsami, kananzir ko ruwan ganye.
- Kada a fesa mata maganin kaska na shanu ko na kare. Da yawansu guba ne ga mage.

Wurin jinya

A manyan biranen duniya akwai gidajen da aka keɓe domin dabbobi marasa mai su. Na unguwar Batasi a Landan an kafa shi a 1860, ya fara karɓar maguna a 1883. A karkara gida shi ne mafaka, kuma dokokin ɗaya ne.

- A ware marar lafiya daga sauran maguna mako 2 zuwa 3, a ɗaki mai inuwa, nesa da hayaƙin murhu da wurin daka.
- A ba ta kwanonta ita kaɗai. A wanke shi da sabulu, sannan da ruwan jabel, kashi 1 cikin kashi 30 na ruwa, a ɗauraye.
- Magen da hancinta ya toshe ba ta jin ƙamshi, don haka ba ta ci. A ɗumama mata kifi ko guntun nama dafaffe, ba albasa, ba tafarnuwa, ba yaji.
- A ajiye ruwan sha kullum. Madarar shanu tana sa wa maguna da yawa zawo.
- Da hunturu a shimfiɗa wa ƙanana tsumma cikin kwando. Sanyi yana kashe su da sauri.

Mage mai ido ɗaya ko makauniya

Rashin ido ba ƙarshen amfani ba ne. Mage tana da ji mai ƙarfi, da hanci, da gashin baki da take laluben hanya da shi. Mai ido ɗaya tana farauta kamar kowace. Makauniya ma tana haddace gida, kuma warinta kaɗai yana sa ɓera taka-tsantsan. A bar kwanonta da makwancinta wuri ɗaya. A rufe rijiya da randa. A yi magana kafin a taɓa ta don kada ta firgita. Kada a yanke mata gashin baki. Kada a kai ta daji a yar.

Shin ciwon yana kama mutum?

Murar mage ba ta kama mutum. Kilamidiyar mage ba kasafai take kamawa ba, kuma wanke hannu yana tsare mutum daga gare ta. Amosanin ido da ke makantar da mutane wata cuta ce dabam. Tana tafiya daga mutum zuwa mutum ta hannu, tsumma da ƙuda. Maganinta wanke fuskar yara, tsabtar gida da zuwa asibiti. Kashe maguna ba ya rage ta.

Ƙyallin idon mage da dare ma ba abin tsoro ba ne. Akwai wata shimfiɗa a bayan idonta mai mayar da haske kamar madubi. Ita ke sa ta ga ɓera cikin duhu.

Rigakafi

Akwai allurar murar mage, ana yin ta daga mako 8 ko 9 da haihuwa, a maimaita bayan mako 3 zuwa 4. Ta haukan kare kuwa daga wata 3. A tambayi malamin dabbobi. A ciyar da uwa mai shayarwa da kyau, domin nononta na farko shi ne garkuwar ƴaƴanta. A hana yara jifa.

A tuna: ruwan gishiri mai tsabta, abinci, inuwa da malamin dabbobi. Wanda ya tsare idon mage ya tsare rumbunsa.