Yadda Sunan Ailan Ya Zama Abin Alfahari a Amurka



A shekarar 1980 ne hukumar ƙidaya ta Amurka ta fara tambayar mutane daga ina kakanninsu suka fito, sai mutum wajen miliyan 40 suka ce su jinin Ailan ne. A ƙidayar 2020 an sami fiye da miliyan 38. To, tsibirin Ailan ɗin kansa, kudu da arewa, mutanensa ba su wuce miliyan 7 da 'yan kai ba a ƙidayar 2021 da 2022. Yawan haihuwa da auratayya sun bayyana rabin wannan al'amari. Sauran rabin shi ne mutane sun zo suna son a kira su da wannan suna, kuma ina ganin finafinan waƙa da rawa na Hollywood suna da hannu babba a ciki.

Mu koma baya tukuna. Daga 1845 zuwa 1852 wata cuta ta riƙa ruɓar da dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talakan Ailan, ƙasar kuwa tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Mutum kamar miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan ɗaya suka yi ƙaura, akasarinsu zuwa Amurka. Ba a yi musu maraba ba. Matalauta ne, kuma 'yan Katolika ne a ƙasar da Furotesta ke da rinjaye. Jaridu suka riƙa zana su da fuskar biri, ana ce musu mashaya, masu neman faɗa. A shekarun 1850 har jam'iyya aka kafa musamman don ƙin baƙi irinsu. Aikin da ya rage musu shi ne haƙar magudanar ruwa, da shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, da wanke-wanke a gidajen masu hali.

A wata unguwar matalauta ta birnin Niyok mai suna Five Points, 'yan Ailan suka zauna gida na jikin gida da baƙaƙen fata. Nan rawar Ailan, wadda ake yi da ƙafa kawai jiki na miƙe, ta gamu da kiɗa da takun da bayi suka zo da su daga Afirka. A shekarun 1840 an yi ta gasa tsakanin wani baƙar fata, William Henry Lane, wanda ake yi wa laƙabi da Juba, da wani farar fata, John Diamond. Daga irin wannan cuɗanya aka sami rawar ƙwanƙwasa ƙasa da takalmi, wadda daga baya ta zama ƙashin bayan finafinan da muke magana a kansu. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Mutumin da ya fara juya akalar shi ne George M. Cohan, wanda aka haifa a 1878, iyayensa 'yan wasan dandali ne jinin Ailan. Dabararsa ita ce ya haɗa asalinsa da kishin Amurka har ba a iya raba su. A 1942, watanni kaɗan bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor, aka fito da fim ɗin tarihin rayuwarsa, Yankee Doodle Dandy. James Cagney ne ya fito a matsayinsa, watau mutumin da jama'a suka fi sani da fitowa a ɗan daba tun 1931. Ya sami lambar Oscar saboda wannan fim. Ku dubi abin da aka yi a nan: ɗan Ailan mai bindiga ya ajiye bindiga, ya ɗauki tutar ƙasa yana rawa, a daidai lokacin da ake kiran samari zuwa yaƙi.

Bayan shekara biyu sai ga Going My Way, inda Bing Crosby, wanda mahaifiyarsa 'yar gidan Harrigan ce, ya fito a matsayin Fada O'Malley, matashin limamin coci mai fara'a da zaƙin murya, mai tara yaran titi ya koya musu waƙa. Fim ɗin ya ci lambobin Oscar bakwai. A tuna fa, a 1928 Al Smith ya sha kaye a takarar shugaban ƙasa, kuma kasancewarsa ɗan Katolika na cikin abin da aka yaƙe shi da shi. Shekara goma sha shida kacal tsakani.

Wannan canji ba daga sama ya faɗo ba. A wancan zamani, daga 1934, duk wani fim na manyan kamfanoni sai ya bi ta ofishin tacewa, wanda Joseph Breen, ɗan Katolika jinin Ailan, ya shugabanta na wajen shekara ashirin. Cocin Katolika kuma a lokacin yana da ƙungiyar da ke hana mabiyansa kallon fim ɗin da ba ta yarda da shi ba, mabiyan nan kuwa su ne cike da manyan birane inda gidajen silima suke. Masu kamfanonin, waɗanda da yawansu Yahudawa ne 'yan ƙaura daga gabashin Turai, 'yan kasuwa ne, sun san inda kuɗinsu yake.

Ko sunaye ma sun isa shaida. Fred Astaire, sunansa na yanka Frederick Austerlitz, mahaifinsa mutumin Ostiriya ne. Danny Kaye kuwa Kaminsky ne sunan gidansu. Amma Gene Kelly da Donald O'Connor, da suka yi Singin' in the Rain a 1952, ba su ga dalilin taɓa nasu ba. Abin dariya, a 1968 Astaire da kansa ya fito a matsayin tsoho ɗan Ailan cikin Finian's Rainbow. Kafin nan an riga an zaɓi John Kennedy shugaban ƙasa a 1960, ya kuma ziyarci garin kakanninsa a 1963. Ban ce fim ne ya zaɓe shi ba, amma ya share masa fage. Reagan ya bi sawunsa a 1984, Obama a 2011.

Saboda haka idan Ba'amurke mai kakanni takwas daga ƙasashe huɗu ya zo cika takardar ƙidaya, wanne zai rubuta? Masanin zamantakewa Herbert Gans ya nuna tun 1979 cewa ga fararen fata asali ya zama kamar rigar salla, a sa ranar buki, a cire washegari, ba ya hana aiki ko gida. Da yawa daga masu kiran kansu 'yan Ailan, musamman a kudancin Amurka, zuriyar Furotesta ne da suka baro arewacin tsibirin tun ƙarni na 18, ba su da haɗi da yunwar 1845.

Baƙar fata bai sami wannan zaɓi ba, ko da yake rabin rawar tasa ce. A 1948 Gene Kelly ya yi rawa tare da wasu 'yan'uwa biyu baƙaƙe, Fayard da Harold Nicholas, gwanayen da ba su da na biyu, a cikin fim ɗin The Pirate. Da fim ɗin ya isa birnin Memphis da wasu garuruwan kudu, sai aka sa almakashi aka yanke wurin kafin a nuna wa jama'a.