MATAMAI: GARIN DA GUJIYA TA GINA, CI-RANI YA GADA

Yau za mu leƙa Matamai, cikin ƙasar Kance, domin labarinta ya shafe mu duka.

Kance tana cikin ƙasashen da suka bi sarkin Damagaram a ƙarni na 19, lokacin da arzikin yankinmu ke kallon arewa, wajen ayarin raƙuma mai zuwa Agadas da Turabulus. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai ciniki ya juya kudu. A 1926 Faransa ta ɗauke babban birnin mulki daga Damagaram ta kai Yamai. Abin da ya rage mana shi ne ƙasar noma, Nasara kuma yana son lanho da kuɗi a hannu. To ina talaka zai samo kuɗi? Sai ya shuka gujiya, wadda mutanen Kano ke ce ma gyaɗa.

Ƙasar Matamai da Magarya ta karɓi gujiya ƙwarai. Da kaka ta yi, kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA su kafa sikeli, dillalai su shiga ƙauyuka, a tara buhuna, manyan motoci su kwashe zuwa Kano, daga can jirgin ƙasa ya kai su bakin teku. Bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA a 1962, ita ke da alhakin fitar da gujiya waje. A shekarun 1960 gujiya ce ke kawo ma Nijar fiye da rabin kuɗin da take samu daga kayan da take sayarwa waje. Masana'antun matse mai guda uku ne suka yi suna: ɗaya a Maraɗi, ɗaya a Magarya, ɗaya a Matamai.

Ku duba abin da masana'anta ke yi ma gari. Akwai mai albashi a ciki, akwai ɗan dako, da mai ɗinkin buhu, da direba da yaron mota, da mai tuwo a bakin ƙofa. Da kuɗin kaka ake biyan lanho, a yi aure, a sayi keke da rediyo. Saurayi ba ya bukatar barin gida kafin ya ga kuɗi.

Sai al'amari ya juya. Fari na 1973 da 1974 ya sa manomi ya koma ma hatsi, tunda ciki ne gaba. A 1975 wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta faɗa ma gujiya, ganye ya murɗe, gonaki suka tashi a banza. A daidai lokacin kuma hankalin gwamnati ya koma Arlit, inda aka soma haƙar uraniyom a 1971. Injin da ba ya samun abin niƙa ai tsayawa zai yi. Masana'antun suka yi ta ja da baya har suka rufe, SONARA ma daga baya ta bi su.

Tun daga nan Matamai ta zama gari na masu tafiya su dawo. Wani Damagaram yake neman abinci, wani ya bi ta Ɗan Barto ya shiga Daura da Kano, a dawo da damina ko da salla. Jama'a ta ƙaru, gonar gado ta yi ta rabuwa har ta zama ba ta ciyar da gida. Sai tafiya ta yi nisa, mata da yara suka kama hanyar Aljeriya. Ba za mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawawwaki 92 cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace: yara 52, mata 33, maza 7, akasarinsu daga ƙasar Kance. Allah Ya jiƙansu.

Duk da haka garin bai kwanta ba. Fadamun Korama na ba da rake da kayan lambu. Mata na matse mai a gida, suna toya ƙuli-ƙuli, wato aikin da inji ya bari sun riƙe shi da turmi da hannu. Kuɗin 'yan ci-rani kuma na gina ɗaki, yana cika rumbu.

Yanzu ga matatar man fetur ta SORAZ da aka buɗe a 2011 arewa da Damagaram, mai tace ganga dubu 20 a rana. Muna murna da ita. Amma mutanen Matamai ma sun taɓa ganin inji yana aiki dare da rana, suka ɗauka ba zai tsaya ba. Mu a nan, yara nawa ne ke barin gida da zarar an gama girbi? Me muke nomawa da za mu iya sarrafawa a gida kafin ya fita?

Roƙonmu shi ne, duk wanda ke da dattijon da ya yi aiki a masana'antar Matamai, ko ya yi awo zamanin SONARA, ya zauna da shi ya ɗauki muryarsa a waya tun yana raye, ya turo mana mu ji. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya dawo da matafiyanmu gida lafiya.