Taurin ruwa a tankin kifi mai tsirrai

Taurin ruwa shi ne yawan sinadaran kalsiyam da magnisiyam da suka narke a cikin ruwa. Ana gane ruwa mai tauri idan sabulu ya ƙi yin kumfa, ko fari ya daskare a gindin butar shayi. A tankin gilashi da ake kiwon kifin ado tare da tsirrai, taurin ruwa yana cikin abubuwan da ke sa kifi da ganye su yi lafiya ko su lalace.

Ma'auni

Ana auna abu biyu. GH yana nuna jimillar kalsiyam da magnisiyam, kuma digiri ɗaya daidai yake da kusan miligiram 17.8 na sinadarin farar ƙasa a lita guda. KH kuwa yana nuna yawan kabonet, wanda ke hana tsamin ruwa sauyawa farat ɗaya. Ruwan da bai wuce miligiram 60 ba ana ɗaukarsa mai laushi, wanda ya haura 180 kuma mai tauri ƙwarai.

Asalin taurin

Ruwa yana ɗaukar sinadaran ne daga duwatsun da ya ratsa. Yammacin Jihar Kano, har da Durun da sauran yankin Kabo da Gwarzo, yana kan tsohon dutse mai ƙarfi wanda ba ya narkewa da sauƙi, saɓanin Kalambaina ta Sakkwato mai arzikin farar ƙasa. Duk da haka rijiyoyin gari ɗaya sukan bambanta, don haka ake auna ruwan kafin a zuba kifi.

Kulawa

Tsiron Vallisneria da kifin gupi suna son ruwa mai tauri. Kifin neon tetra na yankin Amazon ya fi son mai laushi. Tsiron Anubias barteri, wanda ke fitowa a kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru, yana jure duka biyun.

Ana rage tauri ta hanyar haɗawa da tataccen ruwa ko ruwan sama mai tsabta, ana ƙara shi da dakakken ɓawon kawa. A lokacin hunturu da bazara ruwa yana ƙafewa ya bar sinadaran a baya, saboda haka cike gurbi da ruwan rijiya kaɗai yana ƙara taurin. Yawanci ana canza kusan kashi ɗaya bisa huɗu na ruwan kowane mako. Sauyi na gaggawa ya fi cutar da kifi a kan tauri mai ɗorewa.