Samanja, Ɗan Sarautar da Ya Buɗe wa Talaka Ƙofar Bariki

A Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum, kafin talabijin ta shiga kayan ɗakin amarya, da kunne ake kallon wasan kwaikwayo. Tun 1962, lokacin da gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna, muryar tashar ke isa Gamawa da Shira da Giade da Itas a kan gajeren zango. Hoton talabijin kuwa bai iya wannan doguwar tafiya ba. Shi ya sa mutanen yankin suka daɗe da sabawa da muryar Usman Baba Pategi kafin su san fuskarsa. Da yawa ma ba su taɓa sanin sunansa na yanka ba. Samanja Mazan Fama, shi ke nan.

Mutumin da ya shafe shekaru yana sa Hausawa dariya Banufe ne. An haife shi a 1942 a gidan sarautar Pategi, garin da ke gaɓar kogin Kwara, ya yi karatu a Ilori, sannan ya taho Kaduna neman abin yi. Ya fara da ma'aikatar ayyuka, a sashen injuna, inda ake wuni da sifana da baƙin mai. Daga nan ya shiga gidan rediyo, sai kuma a shekarun 1960 ya sa kaki, aka horar da shi a sashen sigina, masu kula da wayoyi da na'urorin sadarwar soja. Duk wanda ya san ɗakin ɗaukar shiri zai gane amfanin wannan zagaye. Ɗan wasan da ya san abin da ke cikin makirfo ba ya yi masa ihu a banza. Ya san inda zai matso, ya san inda zai ja baya domin mai sauraro ya ji kamar daga can ƙarshen filin fareti tsawar ta taso.

Aikin kuwa a wancan zamani na hannu ne ƙwarai. A kan babban tef mai zagaye ake ɗaukar murya, in an yi kuskure a sa reza a yanke wurin, a liƙe bakin biyu. Ƙarar ƙofa da takun takalmi da zubar ruwa duk a nan cikin ɗakin ake ƙirƙirar su. Sau da yawa ba a rubuta wa ɗan wasa kowace kalma. Mai shirin zai ba da ƙashin labari, ya ce kai ne mai bin bashi, ke ce matar gida, ga inda rigima za ta tashi, ga inda za ta kwanta, sauran kuma ya rage ga bakin kowa. Wanda ba shi da saurin mayar da magana ba ya kai labari a irin wannan fage. A nan Usman Baba ya goge, tare da mutane irin su Alhaji Yusuf Ladan, mai Zaman Duniya Iyawa Ne, wasan da Samanja ya fito a cikinsa.

Shirin da ya ba shi suna ya taso ne a shekarun 1970, kuma lokacin ya dace da shi. Kafin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sojojin Nijeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba. Da aka gama yaƙin sun kai wajen 250,000. Wato babu garin Arewa da bai ba da 'ya'yansa ba, kuma da aka fara rage rundunar, sai suka yi ta dawowa gida, wani ya zama direba, wani mai gadi, wani ya koma gona da tsohon takalminsa na soja. A kowace majalisa ta Azare ko Misau ko Jama'are da wuya a rasa tsohon soja mai ba da labarin bakin daga, da wata irin Hausa da ta sha gishirin Turancin buroka. Ita ma wannan Hausar bariki tsohuwa ce. Tun 1863 da wani Bature mai suna Glover ya tara dakarunsa na Hausawa a Ikko, har zuwa rundunonin Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin Bama, Hausa ce harshen da kurtu Batibi da Ba'angashe da Babarbare ke jin umarni da shi. Samanja bai ƙirƙiro ta ba, ya dai tsince ta a bakin masu ita, ya kai ta rediyo ba tare da ya wanke ta ba.

Ga inda hikimarsa take. Nijeriya tana ƙarƙashin mulkin soja daga 1966 zuwa 1979, sannan daga ƙarshen 1983 zuwa 1999. Soja a idon talaka shi ne mai bulala a shingen hanya, wanda in ya ce a yi tsallen kwaɗo ba a tambayar dalili. Sai ga wani ya ɗauki samanja guda, mutumin da kurata ke karkarwa in sun ji takunsa, ya bi shi har ɗakinsa. A can kuma sai aka tarar da magidanci kamar kowa: albashi ya ƙare wata bai ƙare ba, ga cefane, ga baƙi daga ƙauye, ga rigimar makwabta a kan famfo, ga matarsa Bariki da ba ta ɗauki tsawar fareti a bakin komai ba. A gaban hafsa ƙarami, wanda a haife ya haife shi, dole ya ƙame ya sara. Mai kallo yana dariya, amma yana fahimtar cewa shi ma mai kakin akwai wanda ke taka shi.

Abin lura shi ne bai wulaƙanta kakin ba. Ya san bariki daga ciki, don haka bai yi kuskuren da baƙo zai yi ba wajen tsayuwa ko sarawa ko sanin wa ke gaba da wa, kuma sojojin kansu suna cikin manyan masu son shirin. Wasu na ganin ya yi wa soja sassauci, ya mai da zaluncin zamanin abin raha. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan suka. Sai dai a tashar gwamnati, a ƙarƙashin gwamnan soja, sanya samanja ya sha kunya a hannun matarsa kowane mako ba ƙaramin abu ba ne.

Da aka haɗa gidajen talabijin na ƙasar a ƙarƙashin NTA a 1977, sai fagen ya faɗaɗa. Kowace tasha ta fitar da gwanayenta. Kaduna na da Ƙasimu Yero, wanda ya yi Karambana, ya kuma fito a Magana Jari Ce. Kano na da Kuliya Manta Sabo, sannan gwamnatin Abubakar Rimi ta ƙara da tashar CTV. Jos na da Karkuzu. Samanja ya fi yawancinsu nisan zango, domin da aka sa shirin a tashoshin ƙasa baki ɗaya, gaurayen harshen nan ya sa mutumin Inugu da na Badun suna bin labarin ba tare da tafinta ba.

Galibi ba a makaranta ake koyon wannan sana'a ba a lokacin, sai dai ta bin manya. Yaro zai fara da riƙe waya ko ɗaukar kaya, wata rana a ba shi fitowar kurtu mai kalma biyu, in ya yi sauri a ce masa ya jira dariya ta sauka tukuna. Usman Baba ya daɗe a sashen wasan kwaikwayo na Rediyon Tarayya Kaduna yana rubutawa yana shiryawa, kuma ta irin wannan hanya aikin ya wuce daga hannu zuwa hannu. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, aka buɗe babin finafinan bidiyo, matasan da suka shiga harkar da shirye-shiryen su Samanja suka tashi. Ko Rabilu Musa Ibro, wanda shi ma ya taɓa sa kaki a aikin gidan yari, a kan wannan turba ta ba da ƙashin labari a bar baki ya yi aiki ya gina barkwancinsa, ko da yake nasa ya fi karkata ga wauta, na Samanja kuma ga isa da cika baki.

Ƙasimu Yero ya rasu a Satumbar 2017. Samanja ya bi shi a Nuwambar 2023, a Kaduna, bayan doguwar jinya. Mai neman tsofaffin shirye-shiryensu yau zai sha wahala, domin kaset yana da tsada a wancan lokaci, kuma al'adar tashoshin ce a goge tsohon shiri a ɗora sabo a kai. Abin da ya tsira galibi guntaye ne da wasu suka naɗa a gida da bidiyo, su ne yanzu ke yawo a YouTube da wayoyin mutane, hoton na rawa, sautin na shaƙewa.