Katar: abin da baƙo ke gani a Doha da abin da ya haifar da shi

Duk wanda ya sauka a filin jirgin sama na Hamad da ke Doha, babban birnin Katar, abin da ke fara ɗaukar hankalinsa shi ne kusan komai sabo ne. Filin jirgin kansa a 2014 aka buɗe shi. Jirgin ƙasan cikin gari, mai tafiya ba direba, ya fara aiki a 2019. Birnin Lusail kuwa, inda aka buga wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2022, fili ne fetal a farkon wannan ƙarni. Shi ya sa matafiya da yawa ke komowa gida da tambaya ɗaya: yaya aka yi haka cikin ɗan lokaci?

Katar ƙaramar ƙasa ce da ruwa ya kusa kewaye ta, faɗinta bai kai na Jihar Kano ba. Kafin fetur, mutanenta masu kamun kifi ne da nutso cikin teku neman lu'ulu'u. Wannan sana'a ta durƙushe a shekarun 1930, lokacin da Japan ta cika kasuwa da lu'ulu'un da ake nomawa, har yunwa ta sa iyalai da dama yin ƙaura. An fara fitar da ɗanyen mai a 1949, sannan ƙasar ta samu 'yancin kai daga Birtaniya a 1971.

Sai dai Dohar yau iskar gas ce ta gina ta. A 1971 aka gano wani makeken ma'adanar gas a ƙarƙashin teku, arewa da ƙasar, wanda Katar ke raba shi da Iran, kuma babu kamarsa girma a duniya. An shekara kusan 20 ba a ci moriyarsa ba, domin masu sayen suna nesa, babu bututun da zai kai gare su. Mafita ita ce sanyaya iskar har ta zama ruwa, girmanta ya ragu kusan sau 600, a loda ta a jirgin ruwa. Aikin yana cin kuɗi masu yawa, kuma Sheikh Hamad bin Khalifa Al Thani, wanda ya karɓe mulki daga mahaifinsa a 1995, ya ci bashi mai nauyi ya gina masana'antun Ras Laffan. Kayan farko sun tafi Japan a ƙarshen 1996. Da kuɗi suka fara shigowa, sai aka kafa asusun zuba jari na ƙasa a 2005, aka faɗaɗa Qatar Airways, aka jawo rassan jami'o'in Amurka. Tashar Aljazeera ma a 1996 aka buɗe ta.

Akwai wani lissafi da mai yawon buɗe ido ba ya yi, alhali shi ne ginshiƙin labarin. Mazauna ƙasar kusan miliyan 3 ne, amma 'yan ƙasa na asali ba su wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Su ne ke samun ilimi da magani kyauta, da wuta da ruwa ba biya, da aikin gwamnati mai albashi mai tsoka. Don haka idan ɗan Najeriya ya ce ai mu ma muna fitar da irin wannan gas daga Bonny tun 1999, gaskiya ya faɗa, amma a can mutum dubu ɗari kaɗan ake raba wa arzikin, a nan sama da miliyan 200. Wannan ba uzuri ba ne ga ɓarnar da aka tafka, sai dai kwatancen ba ya tsayuwa ba tare da shi ba.

Sauran jama'ar baƙi ne daga Indiya, Nepal, Bangladesh, Filifin, Masar, Kenya da wasu ƙasashe, kuma su suka ɗora bulo a kan bulo cikin zafin da kan haura digiri 40. Sun daɗe ƙarƙashin tsarin kafala, inda ma'aikaci ba ya iya sauya aiki ko barin ƙasar sai da yardar ubangidansa. Matsin lamba kafin Kofin Duniya ya sa aka soke takardar izinin fita ga mafi yawansu a 2018, aka ba su damar sauya aiki a 2020, aka kuma sa mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 a wata, ban da kuɗin abinci da masauki. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na cewa har yanzu ana riƙe wa wasu albashi. Yawan waɗanda suka mutu ma abin gardama ne: jaridar Guardian ta ruwaito a 2021 cewa sama da baƙin ma'aikata 6,500 daga ƙasashe 5 na Kudancin Asiya sun rasu tun 2010, hukumomi suka ce adadin ya haɗa da mace-macen da ba su shafi aiki ba.

Saurin aikin yana da nasaba da yadda ake mulki. Sarki ne ke yanke hukunci, ba jam'iyyun siyasa, ba majalisar da za ta tsayar da kasafi. A 2021 an zaɓi kujeru 30 daga cikin 45 na Majalisar Shura a karon farko, amma ƙuri'ar raba gardama ta Nuwamba 2024 ta soke zaɓen, aka koma Sarki Tamim ne ke naɗa dukkan 'yan majalisar.