Kotun Yara a Bakin Daji: Abin da Sansanin Mihaluwka Ya Koya wa Dokta Korchak

A shekarun farko na ƙarni na 20, idan bazara ta kama a birnin Warsaw na ƙasar Poland, akan ga ayarin yara maza a tashar jirgin ƙasa, kowa da ɗan ƙunshinsa, iyaye na biye suna jan kunne suna addu'a. 'Ya'yan talakawan Yahudawa ne, su 150, za a kai su wani sansanin hutu a karkara mai suna Mihaluwka su yi mako huɗu. Da yawa daga cikinsu ba su taɓa fita daga unguwar da aka haife su ba, balle su ga daji ko gonar hatsi. Cikin waɗanda aka ɗora wa kula da su har da wani matashi ɗalibin likitanci, Henryk Goldszmit, wanda duniya ta fi sani da sunan alƙalaminsa, Janusz Korczak, ana furta shi Yanush Korchak.

Yau idan aka ambaci Korchak, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne yadda ya mutu tare da marayunsa a shekarar 1942. Amma wanda yake so ya gane mutumin da ya yi wannan tafiya ta ƙarshe, sai ya koma Mihaluwka, inda ra'ayinsa game da haƙƙin yaro ya tsiro daga ƙananan rigingimu na yau da kullum: wa zai zauna kusa da wa a wurin cin abinci, wa zai kwana a gadon bakin taga, wa ya tura wa a layi.

Birnin da yaran suka fito

A wancan zamani Warsaw tana ƙarƙashin daular Rasha, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na mazaunanta Yahudawa ne. Akwai masu hali a cikinsu, amma mafi yawa 'yan tireda ne da masu ɗinki da 'yan dako, iyali guda a cunkushe cikin ɗaki ɗaya, wani lokaci ma ɗakin ƙarƙashin ƙasa da rana ba ta leƙawa. Tarin fuka da lanƙwasar ƙashin yara saboda rashin abinci da hasken rana sun zama ruwan dare. Wannan ne ya sa a 1882 wani likita, Stanisław Markiewicz, ya jagoranci kafa ƙungiyar sansanonin bazara ta Warsaw, wadda ke tara gudummawa tana fitar da yaran talakawa zuwa karkara. Manufarta ta lafiyar jiki ce: iska mai kyau, madara, wanka, barci isasshe. Akan auna nauyin yaro da ya iso, a sake aunawa ranar komawa, ƙarin da sikeli ya nuna shi ne shaidar da ake kai wa masu ba da kuɗi. An ware wa 'ya'yan Yahudawa Mihaluwka, 'ya'yan Kirista kuma wani sansani mai suna Wilhelmuwka. Korchak ya yi aiki a na farkon a 1904 da 1907, a na biyun kuma a 1908.

Daren farko

Korchak ya tafi sansani da yaƙinin cewa ya san yara. Ya karanta littattafan tarbiyya, ya tanadi garmaho da kayan wasa, ya ƙudurta cewa ba zai takura wa kowa ba. Aka danƙa masa yara 30. Shi da kansa ya ba da labarin abin da ya biyo baya a littafinsa kan yadda ake ƙaunar yaro, wanda ya rubuta lokacin da yake likitan soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma bai ɓoye kunyar da ya sha ba.

Tun daga tasha al'amari ya fara kwaɓewa, domin sunayen da ke takardarsa sun ƙi haɗuwa da fuskokin da ke gabansa. Da aka isa, ya bar kowa ya zauna inda ya ga dama a teburin abinci, sai yaran suka riƙa sauya wuri, ya kasa gane wanda ya ci da wanda bai ci ba. Ya bar kowa ya zaɓi gadonsa, sai masu ƙarfi suka kwashe wurare masu kyau. Da dare ya yi aka kashe fitila, ɗakin kwana ya kaure da fito da kukan dabbobi na tsokana. Mutumin da ya zo da niyyar ba zai ɗaga murya ba, sai ga shi yana barazanar duka, har ya kai ga damƙar wani yaro da ƙarfi.

Wani malamin da ya ce yaran ne ba su da tarbiyya. Korchak ya juya tuhumar kansa. Ya lura cewa 'yancin da ya bayar ba kowa ya amfana da shi ba: inda babu tsari, mai ƙarfi da mai baki su ke mulki, yaro mai kunya da mai rauni su ke kwana da yunwa ba wanda ya ji kukansu. Ya kuma lura cewa abin da babba ke ɗauka shirme, kamar ɓawon burodi ko cokali mai kyau ko zama na farko a layi, a wurin yaro dukiya ce da daraja, kuma rigimar da ake yi a kansu rigimar adalci ce. Hausawa kan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Mihaluwka ta nuna wa Korchak ɗaya gefen maganar: akwai abin da yaro ke gani a ƙasa wanda babba ba zai gani ba sai ya durƙusa.

Yadda yini ke tafiya

Da ya gane haka, sai ya fara gyara daga ƙananan abubuwa. Kowa ya samu wurin zamansa da gadonsa, aka tsara layi, aka raba ayyuka ta yadda yara ke taimakawa wajen rabon abinci da share wuri bi da bi. Ya daina tsayawa yana yi musu huɗuba, ya koma zama da su ana shawara, kuma ya tarar cewa dokar da aka yi da bakin yara ta fi wadda aka saukar musu daga sama ƙarko.

Yinin sansani kuwa mai sauƙi ne. Da safe a tashi, a wanke fuska, a gyara gado, a yi addu'ar safe irin ta Yahudawa, a karya kumallo. Daga nan sai daji ko bakin kogi. Yaran da suka saba da kwalbatin birni suka koyi tafiya ba takalmi, suka koyi wanka a ruwa mai gudu, suka riƙa tsinkar 'ya'yan itatuwa. Sukan gina ganuwa ta ƙasa su rabu gida biyu su yi wasan yaƙi. Da yamma a taru a yi waƙa ko a saurari labari. Harshen gidan mafi yawansu Yidish ne, harshen Yahudawan gabashin Turai, a sansani kuma suna jin harshen Poland suna ɗauka a cikin wasa.

Abubuwa biyu ne suka bambanta wannan sansani da sauran. Na farko jarida ce da ake rubutawa da hannu a karanta wa kowa, tana ba da labarin abin da ya faru a sansanin. Yaron da bai taɓa zaton akwai wanda ya damu da lamarinsa ba, sai ya ji an karanta labarinsa a bainar jama'a. Na biyu kotu ce. Duk wanda aka zalunta yana iya kai ƙara, alƙalai kuma daga cikin yaran ake zaɓensu. A saurari mai ƙara, a saurari wanda ake tuhuma, a kira shaidu, a yanke hukunci. Ƙararrakin na ture ne da zagi da ɗaukar abin wani. Sai dai amfanin kotun ya wuce girman ƙararrakin, domin ta ba yaro marar ƙarfi wata hanya ban da kuka ko haɗiye baƙin ciki, ta kuma hana babba yanke hukunci cikin fushi.

Korchak ya tattara labarin waɗannan makonni a wani littafi da ya fito a 1910, wanda ya raɗa wa suna da sunayen da suka fi yawa tsakanin yaran, wato Musa da Yusufu da Isra'ila a lafazin Yahudawan Warsaw. A shekarar da ta biyo ya fitar da makamancinsa kan yaran Kirista na Wilhelmuwka. Wanda ya karanta biyun zai ga yara iri ɗaya ne, da tsoro iri ɗaya da faɗa iri ɗaya, a lokacin da mutane da yawa a ƙasar ba su yarda da haka ba.

Daga mako huɗu zuwa shekara talatin

Abin da ya fi damun Korchak shi ne ranar komawa. Yaro ya yi ƙiba, ya saba da ana sauraronsa, sai a mayar da shi ɗakin da ya fito. A 1912 ya bar aikinsa a asibitin yara ya karɓi shugabancin sabon gidan marayun Yahudawa a titin Krochmalna, tare da Stefania Wilczyńska, wadda ta riƙe ragamar gidan ta yau da kullum har ƙarshen rayuwarta. Duk abin da aka gwada a bakin daji aka dasa shi a nan: rabon aiki, jaridar mako, auna nauyi a kai a kai, majalisar yara, da kotu mai rubutaccen kundin dokoki. Sassa 99 na farkon kundin duk na sallama ne da yafiya, sai daga sashe na 100 ake fara samun mutum da laifi, sashe na 1000 kuma shi ne kora daga gidan. Manya ma ba su fi ƙarfin kotun ba, Korchak da kansa ya gurfana a gabanta sau da dama. A 1926 ya kafa jaridar yara ta mako da ake bugawa ana sayarwa, yara ne ke rubuta ta, ta kuma ci gaba da fita har 1939.

Bai rabu da karkara ba. A 1921 wani iyali ya ba gidan marayun fili a wajen birni don tunawa da 'yarsu da ta rasu, aka kira wurin Rujichka, ma'ana 'yar ƙaramar furen wardi, daga sunan yarinyar. Nan marayun suka riƙa yin bazara, suna aikin lambu, suna kula da dabbobi, kotu da jarida na biye da su.

Bazarar ƙarshe

Jamus ta mamaye Poland a watan Satumba na 1939. A bazarar 1940, duk da dokokin da 'yan Nazi suka ƙaƙaba wa Yahudawa, Korchak ya yi faɗi-tashi har ya samu ya kai yaran Rujichka. Ita ce bazararsu ta ƙarshe a karkara. A watan Nuwamba na shekarar aka rufe unguwar da aka killace Yahudawan Warsaw, wadda ake kira geto, mutum fiye da 400,000 a bayan katanga, aka tilasta wa gidan marayun komawa ciki.

A nan ne aka ga ƙarkon abin da aka koya a Mihaluwka. Mutane na faɗuwa a titi saboda yunwa da zazzaɓi, amma a cikin gidan ana rabon aiki, ana karatu, ana auna yara kowane mako. Sikelin da a da ke nuna ƙari, yanzu raguwa yake nunawa, Korchak kuwa bai daina rubutawa ba. Da rana yakan ɗauki buhu ya bi gida gida yana roƙo da matsa wa masu hali lamba don ya samo abin da yaran za su ci. Ranar 18 ga Yuli, 1942, yaran suka gabatar da wani wasan kwaikwayo na marubucin Indiya Rabindranath Tagore, labarin wani yaro marar lafiya da aka tsare a ɗaki, yana kallon duniya ta taga har ajalinsa ya zo. Bayan kwana huɗu aka fara kwashe mutanen geto zuwa sansanin kisa na Treblinka.

Abokansa na wajen katanga sun nemi su fitar da shi su ɓoye shi, ya ƙi. A farkon watan Agusta aka zo gidan. Korchak da Wilczyńska da sauran ma'aikata suka jera yara kusan 200, suka taka da su har wurin da ake loda mutane a taragun jirgi. Waɗanda suka ga wucewarsu sun ba da shaidar cewa yaran sun tafi a jere cikin natsuwa. Babu wanda ya dawo daga cikinsu.

Abin da ya rage

Kotun yara ba ta tsayar da jirgin Treblinka ba, kuma ba daidai ba ne a yi wa wannan kisa ado da cewa ya zo da wani alheri. Abin da tarihi zai iya cewa shi ne, ra'ayin da aka gwada a sansanin bazara ya rayu bayan masu shi. A 1978 ƙasar Poland ta gabatar wa Majalisar Ɗinkin Duniya daftarin yarjejeniya kan haƙƙin yara, aka amince da ita ranar 20 ga Nuwamba, 1989, kuma masana da dama suna lissafa Korchak cikin waɗanda suka share mata hanya. Sashe na 12 na yarjejeniyar ya tanadi cewa yaro yana da haƙƙin a ji ta bakinsa a duk al'amarin da ya shafe shi. Kusan dukkan ƙasashen duniya sun sa hannu a kan wannan magana, wadda shekaru 80 kafin nan wasu yara marasa takalmi suka riga suka aiwatar a bakin daji, ranar da suka zauna sauraron ƙarar ɗan'uwansu da aka ture a layin abinci.